Dashen Ɓargo Ga Yara Masu Cutar Sikila: An Samu Magani, Saura Lissafin Kuɗi Da Na Lokaci

A cikin watan Satumba na shekarar 2024, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da yin zango a cikinta, likitoci sun ɗura wa waɗansu majinyata biyu masu fama da cutar sikila ɓargon da aka ɗebo daga jikin danginsu. Bayan 'yan makonni a ɗakin keɓewa, aka sallame su. Aikin na haɗin gwiwa ne tsakanin asibitin da Gidauniyar Cutar Sikila ta Nijeriya, wadda Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafa ta a 1994, tare da taimakon ƙwararru daga Jami'ar Vanderbilt ta Amurka.

Wannan ba shi ne karo na farko da aka yi irin wannan aiki a ƙasar nan ba. Tun a watan Satumba na 2011, wata tawagar likitoci a ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye ta yi wa wani yaro ɗan shekara 7 dashen ɓargo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin da ke Jihar Edo, da tallafin ƙwararru daga birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Cutar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwar yaron kafin lokacin, kuma wansa ɗan shekara 14 ne ya ba da ɓargon. Dashen ya kama.

Shekaru 13 ke nan tsakanin aikin Benin da na Legas, amma a tsawon wannan lokaci dashen ɓargo bai zama aikin yau da kullum a asibitocin gwamnati ba. Iyalan da suke da hali sun ci gaba da kwasar 'ya'yansu zuwa ƙasashen waje, musamman Indiya. Tun da an riga an nuna cewa likitocin gida sun iya aikin, to tarnaƙin yana wani wuri dabam, wato wajen samun wanda zai ba da ɓargo, da tsadar kayan aikin da ake saye da Dala, da kuma lokacin da yake ƙurewa yayin da iyali suke faɗi-tashin tara kuɗi.

Girman matsalar

Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna cewa kimanin kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, wato masu jinin AS, kuma ana haihuwar yara kusan 150,000 da cutar a kowace shekara. Babu wata ƙasa a duniya da ta kai Nijeriya yawan irin waɗannan haihuwa. Wani nazari da Farfesa Obiageli Nnodu da abokan aikinta suka wallafa a 2021, bisa alƙaluman binciken lafiya na ƙasa na 2018, ya kiyasta cewa yara 35,000 'yan ƙasa da shekara 5 ne cutar take kashewa a shekara.

Cutar ta girmi sunanta na asibiti nesa ba kusa ba. Hausawa suna kiranta amosanin jini, kuma masu bincike sun daɗe suna ganin cewa da yawa daga cikin yaran da ake yi wa laƙabin 'yan wabi, waɗanda Yarabawa suke kira abiku, Ibo kuma ogbanje, wannan cuta ce take ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki guda. A littattafan likitanci kuwa, Dakta James Herrick na birnin Shikago ne ya fara bayyana ta a 1910, bayan da aka ga jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada.

Asalin lalurar ɗan kuskure ne guda ɗaya tak a sinadarin himoglobin, wanda shi ne yake ɗaukar iskar numfashi a cikin jini. Idan yaro ya gaji wannan kuskure daga uwa da uba duka, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani yake tasowa, da lalacewar saifa, da ciwon ƙirji, da shanyewar ɓarin jiki. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa yake ƙasa. Dalilin yawan wannan gado a yankinmu kuwa, Dakta Anthony Allison ya bayyana shi tun a 1954: mai jinin AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka gadon ya yaɗu a inda sauro ya fi ɓarna.

Abin da ake dasawa

Jini ba ya yin kansa. Masana'antarsa ita ce ɓargon da ke cikin ƙashi. Saboda haka ƙarin jini tamkar sayo kaya ne daga waje don cike giɓin 'yan makonni, shi kuwa dashen ɓargo sauya masana'antar ne baki ɗaya.

Kalmar dashe takan sa mutane su zaci yanka ne irin na ƙoda, alhali ba haka ba ne. Ana fara ba yaron magunguna masu ƙarfi irin na cutar daji, kamar busulfan, na tsawon mako guda ko fiye, domin a kashe ɓargonsa a kuma kwantar da garkuwar jikinsa. A ranar dashe sai a sa wa mai bayarwa maganin barci, a zuƙo ɓargo da allura daga bayan ƙashin ƙugunsa, a ɗura wa majinyacin ta jijiya kamar yadda ake ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke neman hanyarsu zuwa cikin ƙashi. Mai bayarwa yakan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ɓargonsa yakan mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

Wahalar tana bayan haka. Kafin sabon ɓargo ya fara aiki akan ɗauki mako 2 zuwa 4, kuma a wannan tsakani yaron ba shi da garkuwa ko kaɗan, ƙwayar cutar da ba za ta ko sa lafiyayye atishawa ba tana iya kashe shi. Akwai kuma haɗari iri biyu da suka shafi dashen kansa. Ko dai jikin yaron ya ƙi karɓar baƙon ɓargo, cutar ta dawo, ko kuwa baƙon ya zauna amma ya juya ya afka wa mai masaukinsa, ya taɓa fata da hanji da hanta. Domin hana wannan ne ake ci gaba da ba da magungunan danne garkuwa na tsawon watanni 6 zuwa shekara guda, a kuma sake yi wa yaron alluran rigakafin yara daga farko.

An gano amfanin dashe ga masu sikila ne ba da niyya ba. A 1984 likitocin asibitin yara na St. Jude da ke birnin Memfis a Amurka suka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 mai cutar dajin jini, wadda kuma take da sikila. An yi mata dashe don cutar dajin, sai sikilar ma ta tafi. A 1996 Dakta Mark Walters da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon yara 22 da aka yi wa dashe daga 'yan'uwansu: 20 sun rayu, 16 sun rabu da cutar. Hujja mafi girma ta zo ne a 2017, lokacin da Farfesa Eliane Gluckman ta birnin Paris ta jagoranci tattara bayanan majinyata 1,000 da aka yi wa dashe daga ɗan'uwan da ya dace tsakanin 1986 da 2013. A cikin waɗanda ba su kai shekara 16 ba, kashi 95 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, kashi 93 cikin 100 kuma suna raye ba tare da cutar ba.

Waɗannan alƙaluma suna da kyau, amma ya kamata a karanta su ta fuska biyu. Kashi 95 masu rai yana nufin yara 5 cikin kowane 100 sun rasu, kuma waɗansu daga cikinsu da ba a yi musu dashen ba da sun ƙara shekaru masu yawa a duniya. Bugu da ƙari, magungunan share ɓargo sukan hana haihuwa a gaba, musamman ga 'yan mata. Sannan abin da cutar ta riga ta lalata, kamar sashen ƙwaƙwalwa ko kan ƙashin cinya, dashe ba ya mayar da shi sabo. Wannan ne ya sa likitoci suka fi ba da shawarar dashe ga yaran da cutar ta tsananta a kansu, kamar waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko suke gab da ita, ko waɗanda ciwon ƙirji da na ƙashi yake yawan kwantar da su duk da shan magani.

Wa zai bayar?

Kafin a yi maganar kuɗi, akwai abin da kuɗi ba ya saye. Dole ne alamomin garkuwar jikin mai bayarwa su yi daidai da na majinyaci, kuma ana tantance wannan ne da wani gwaji na musamman da ake kira HLA, wanda ya sha bamban da gwajin rukunin jini da na jinsin jini da aka saba. Rabin waɗannan alamomi daga uwa ake gadonsu, rabi daga uba. Don haka damar kowane shaƙiƙi ya dace ɗaya ce cikin huɗu. Haka kuma dole ne shi ma ya kasance ba mai sikila ba, ko da yake mai jinin AS yana iya bayarwa. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, damar kowane shaƙiƙi ta koma 3 cikin 16, wato kimanin kashi 19 cikin 100.

A nan yawan iyali yana da rana. Bisa wannan lissafi, yaron da yake da shaƙiƙai 3 yana da damar kusan kashi 46 cikin 100 ya samu wanda ya dace, mai shaƙiƙai 5 kuwa kusan kashi 65. Sai dai sharaɗin shi ne uwa ɗaya uba ɗaya. A gidan da yake da mata biyu ko uku, magidanci yana iya ƙirga 'ya'ya 15 ya ɗauka an gama, alhali 'yan uba da wuya su dace gaba ɗaya. 'Yan ɗakin su majinyacin ne kaɗai abin lissafi.

Akwai wani abu da iyalai suke yi da kyakkyawar niyya wanda yake iya ɓata wannan dama. A asibitocinmu an saba idan yaro yana bukatar jini sai a ce dangi su kawo, kuma wanda ya fi kusa shi yake miƙa hannu. Ga yaron da ake tunanin yi wa dashe, likitoci suna gargaɗin a guji ƙara masa jinin ɗan'uwan da mai yiwuwa shi zai ba da ɓargo, domin jikin yaron yana iya sanin wannan jini ya yi shirin yaƙarsa, idan ɓargon ya zo daga baya sai ya ƙi shi.

Wanda bai samu shaƙiƙi ba, hanyarsa ta yi ƙunci. An buɗe rajistar masu ba da ɓargo ta Nijeriya a Inugu a 2012, amma 'yan Afirka su ne suka fi kowace al'umma bambancin alamomin HLA, kuma su ne mafi ƙaranci a manyan rajistocin duniya. Abin da ya buɗe sabuwar ƙofa shi ne dashe daga wanda ya dace rabi kawai, kamar uwa ko uba, wanda likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoton gwada shi a kan masu sikila a 2012. A 2024 wani rukunin cibiyoyi na ƙasashe daban-daban, a ƙarƙashin Farfesa Adetola Kassim, likita ɗan asalin Nijeriya da ke Vanderbilt, ya wallafa sakamakon majinyata 70: kimanin kashi 94 cikin 100 suna raye bayan shekara 2. Amma duk waɗanda jikinsu ya ƙi dashen 'yan ƙasa da shekara 18 ne, abin da ya nuna cewa a wajen yara wannan hanya ba ta kai ta shaƙiƙi tabbaci ba.

Inda kuɗin suke tafiya

Ɓargon kansa kyauta ne. Abin da ake biya shi ne kewayensa. Ana bukatar ɗaki mai na'urar tace iska wadda ba za ta tsaya ko na minti ɗaya ba, wato wutar lantarki dare da rana na tsawon wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ƙasar da asibitoci suke dogaro da janareta da man dizal. Ana bukatar ma'aikatan jinya masu horo na musamman. Ana bukatar jini da ƙwayoyin tsayar da zubar jini waɗanda aka tantance aka kuma haska su da na'ura kafin a ɗura. Ana bukatar ɗakin gwaji da zai auna yawan magani a jini ya kuma gano ƙwayoyin cuta cikin sa'o'i, ba cikin kwanaki ba. Sai kuma magunguna, na share ɓargo da na danne garkuwa da na kashe ƙwayoyin cuta masu taurin kai, waɗanda kusan dukkansu daga waje ake shigo da su. Ko da an yi dashen a Legas ko a Benin, babban kaso na kuɗinsa da Dala ake lissafa shi.

Duk ɗan kasuwa ya san abin da hakan yake nufi. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, ana canjin Dala a hukumance a kan kimanin Naira 460. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Ke nan kowace Dala 10,000 da take cikin takardar kuɗin asibiti ta tashi daga Naira miliyan 4.6 zuwa sama da Naira miliyan 15 a cikin watanni 8. Iyalin da suka sayar da fili ko suka rage jarin shago suka ajiye kuɗin da Naira suna jiran ranar tafiya, sun wayi gari abin da suka tara bai kai kashi ɗaya cikin uku na bukata ba.

Ga mai niyyar fita waje, farashin da asibiti ko dillalinsa yake faɗa a farko ba shi ne ƙarshen magana ba. Aƙalla mutum uku ne za su yi tafiya, majinyaci da mai bayarwa da mai jinya, kuma akan bukaci yaron ya zauna kusa da asibitin har kusan kwana 100 bayan dashe. Kuɗin jirgi, da hayar masauki, da abinci, da kasuwar da aka bari ba mai tsaro, duk suna wajen takardar. Idan aka samu tangarɗa yaro ya shiga ɗakin kulawa ta musamman, lissafin yakan tashi ƙwarai. Magidanci mai hankali zai nemi a rubuta masa kwanaki nawa farashin ya ƙunsa, da abin da za a biya idan an wuce su, da adadin yara masu sikila da wannan asibiti ya yi wa dashe da yadda suka ƙare. Zai kuma tabbatar tun kafin ya tashi cewa akwai likitan jini a gida da ya amince ya karɓi yaron idan ya dawo, domin watannin bayan dawowa su ne ake yawan yin sakaci da su, ga zazzaɓin cizon sauro yana jiran yaron da garkuwarsa ba ta gama farfaɗowa ba. Aikin da ba a iya tsayar da shi a tsakiya ne, da zarar an share ɓargon yaro babu komawa baya. A irin wannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wa zai biya? Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma an gina tsarin ne a kan jinyar yau da kullum, ba a kan aiki guda mai cin miliyoyi ba. A Tanzaniya, Asibitin Benjamin Mkapa da ke Dodoma ya fara yi wa yara masu sikila dashe a 2023, gwamnati kuma ta shiga cikin ɗaukar nauyin. A nan gida, umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2024, wanda ya ɗauke harajin shigo da kayan haɗa magunguna da waɗansu na'urorin lafiya na tsawon shekara 2, ya fi shafar masana'antun magunguna. Abin da cibiyar dashe take bukata shi ne tabbacin majinyata a kai a kai da mai biya tsayayye, domin sashen da yake yin dashe biyu ko uku a shekara yana ɗauke da kuɗin ɗaki da na ma'aikata iri ɗaya da wanda yake yin talatin, kuma hannun ma'aikatansa ba ya faɗawa.

Jinkiri ma farashi gare shi

Darasi mafi muhimmanci game da lokaci ya fito ne daga wata cutar jini ta gado, talasemiya, wadda ta fi yawa a ƙasashen Bahar Rum da Asiya. Farfesa Guido Lucarelli na garin Pesaro a Italiya ya wallafa sakamakon yara 222 a 1990, inda ya kasa su gida uku bisa yadda hantarsu take kafin dashe. Waɗanda aka yi wa tun hanta tana lafiya, kashi 94 cikin 100 sun rayu sun kuma warke. Waɗanda aka kawo bayan hanta ta kumbura ta yi tabo, kashi 53 ne kawai suka warke. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, bambancin kawai halin da yaron ya zo da shi.

A sikila ma haka abin yake. Nazarin majinyata 1,000 da aka ambata ya nuna cewa haɗari yana ƙaruwa da kowace shekara da aka ƙara, wani babban nazarin Amurka na 2019 kuma ya gano cewa sakamako mafi kyau yana ga yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa waɗanda suka samu ɓargon shaƙiƙi. To a nan ne iyalin Nijeriya suke shiga tsaka mai wuya. Shekarun da uba zai ɗauka yana tara kuɗi su ne shekarun da cutar take cin ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwar ɗansa, kuma yawan ƙarin jini yana tara ƙarfe a hanta, yana kuma sa jiki ya ƙara ƙyamar baƙon ɓargo. Ana iya cika kuɗin a ranar da damar ta riga ta ragu.

Saboda haka jinyar yau da kullum mai araha ba kishiyar dashe ba ce, ita ce take kai yaro ƙofarsa da sauran ƙarfi. Tun a 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa shan fenisilin kullum yana rage mummunar cutar jini ta ƙwayar nimoniya ga ƙananan yara masu sikila da kashi 84 cikin 100. Akwai kuma hoton jijiyoyin kai da ake ɗauka da na'ura mai aiki da sauti, wanda yake nuna yaron da yake cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta auku. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu jinin SS yakan gamu da ita kafin ya kai shekara 20.

A wannan fage Arewacin Nijeriya ya ba duniya ilimi. A wani gwaji da aka gudanar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala Muhammad na Kano, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, wanda aka wallafa a 2022, an ba yara 220 da hoton ya nuna suna cikin haɗari maganin haidiroksiyuriya, rabi ƙaramin awo, rabi matsakaici. Yara 8 ne kawai suka samu shanyewar ɓarin jiki a tsawon gwajin, kuma ƙaramin awon ya yi aiki kamar matsakaicin. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini duk wata ake yi wa irin waɗannan yara, abin da yawancin iyalanmu ba za su iya ba. Shi kuwa wannan magani ƙwaya ce da ake haɗiya sau ɗaya a rana, kuma ana haɗa shi a cikin gida, a kamfanin Bond Chemical da ke Jihar Oyo.

Idan aka ɗora wannan a kan ma'auni, girman tazarar yakan bayyana. Ko da a ce cibiyoyin ƙasar nan sun kai ga yin dashe 100 a shekara, yaro 1 ke nan cikin kowane 1,500 da ake haifa da cutar. Masu hannu da shuni da suke son taimakawa, ko ta zakka ko ta gidauniya, ya kamata su san wannan lissafi. Ɗaukar nauyin dashen yaro guda aikin alheri ne da yake bayyana a idon jama'a, amma kuɗin da ya ci suna iya sayen na'urar hoton jijiyoyin kai da maganin ɗaruruwan yara.

Sabon magani mai tsadar gaske

A watan Disamba na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da hanyoyi biyu na gyaran ƙwayoyin gado ga masu sikila 'yan shekara 12 zuwa sama. A nan ba a bukatar mai bayarwa, ƙwayoyin ɓargon majinyacin ake ɗiba a gyara su a ɗakin gwaji a mayar masa. Farashin da aka sanar wa Casgevy Dala miliyan 2.2 ne, na Lyfgenia kuma Dala miliyan 3.1, ban da kuɗin kwanciya. A canjin Naira 1,500, mai arahar ya kama Naira biliyan 3.3. Ma'aikacin da yake kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 zai yi kusan shekara 3,900 kafin ya tara wannan, ko da bai ci ko ƙwandala ba. Abin lura ga masu tsara manufofi shi ne cewa wannan hanya ma sai an share ɓargo da busulfan an kuma kwantar da majinyaci a ɗakin keɓewa. Ko da farashinta ya faɗo wata rana, ƙasar da ba ta da cibiyar dashe mai aiki ba za ta iya amfana da ita ba.

Ta ɓangaren hana haihuwar masu cutar kuwa, Saudiyya ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2004, kuma a watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan irin wannan doka a Jihar Kano, wadda ta haɗa da gwajin jinsin jini. A nan akwai wani abu da iyayen yaran da aka yi wa dashe ya kamata su rubuta su ajiye. Dashe yana sauya jini ne, ba ya sauya ƙwayoyin haihuwa. Yaron da ya karɓi ɓargon wansa mai AA, idan ya girma ya je gwajin aure, takardar za ta nuna AA, alhali kowane ɗa da zai haifa sai ya gaji ƙwayar sikila daga gare shi. Idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin biyu ya zo da SS, ninkin abin da ake samu tsakanin masu AS biyu.